Guzurin Baba

Wata Talata ce a ƙarshen Satumba na 2024. Ina cikin aji ina rubutu a allo, waya ta yi ta ruri a aljihuna har sau uku. Da na fita na duba, ƙanwata ce. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. "Yaya, jikin Baba ya ƙi. Likita ya ce mu koma da shi gida." Duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san fassarar wannan magana. Na nemi izini, na hau motar Funtuwa daga Zariya, daga can na kama ta Malumfashi. Ragowar tafiyar sai a kan babur, don damina ta riga ta cinye hanyar ƙauyenmu.

Mu Hausawa ne kuma 'yan Katolika, abin da har yau in na faɗa a Zariya sai wani ya sake dubana. Kakanmu Bamaguje ne, a kan al'adarsa ya rayu, a kanta ya mutu. 'Ya'yansa maza biyu kowa ya kama hanyarsa: Baba ya karɓi baftisma yana saurayi, zamanin da firistocin Dominikan 'yan Amurka suke zagaya ƙauyukan Malumfashi, ƙanensa kuma, Baffa, ya musulunta. Wannan bai hana su cin tuwo a akushi ɗaya ba. Da Salla Baba yakan aika masa da kaza, da Kirsimeti shi kuma ya aiko mana da shinkafa. Fadama ce ta shiga tsakaninsu. Wani ɗan yanki ne a bakin rafi, kowa a gidan ya san rabon Baffa ne, amma da ya tafi ci-rani Legas ya daɗe, sai Baba ya haɗe shi da nasa ya dasa rake. Da Baffa ya dawo ya nemi abinsa, aka je gaban mai unguwa, aka je gaban dagaci. Baba ya fi shi baki, ya ci. Shekara 19 ke nan ba sa ga-maciji.

Na kawo wannan tun farko ne don kada a zaci labarin waliyyi zan bayar. Baba mai kyauta ne, baƙo bai taɓa kwana da yunwa a zaurensa ba, kuma shi ya riƙe marayun ƙanwarsa biyu har suka gama sakandare. Shi ne kuma mai zafin zuciya, mai son burkutu ranar kasuwa, wanda ya danne gonar ƙanensa. Duka mutum ɗaya ne.

Na tarar da shi kwance a ɗakinsa, ƙafafu sun kumbura, numfashi sama-sama, amma hankalinsa garau. Da na ce a kira Fada, wato firist ɗinmu, Inna ta watsa mini harara. "Kai ma so kake ka sallame shi?" A wajen tsaranta, ganin Fada da 'yar kwalbar mai daidai yake da ganin masu haƙa kabari. Ba laifinta ba ne. Da can sunan abin ma shafewar ƙarshe, kuma ba a kiran firist sai rai ya zo maƙoshi. Bayan babban taron bishof-bishof na Vatikan na biyu ne aka koma kiranta shafewar marasa lafiya, wadda duk mai ciwo mai tsanani ko tsohon da ƙarfinsa ya ƙare zai iya karɓa, ko da sau nawa ne in ciwon ya sake tashi. Katikis ɗinmu, mai koyar da addini a cocinmu, shi ne ya shawo kanta. Ya buɗe wasiƙar Yakubu sura 5, ya karanta mata inda aka ce mara lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a suna shafa masa mai da sunan Ubangiji. Sannan ya ce, "Inna, shi fa wannan mai ba a shafa wa gawa. In muka jira har ya cika, Fada addu'a kawai zai yi ya koma da mansa." Ta yi shiru, ta shiga ɗaki ta ɗauko farin ƙyallen da take rufe teburi da shi ranar Ista.

Fada ya iso washegari da hantsi, a kan babur, taɓo har gwiwa. Ƙananan majami'un ƙauye da ke ƙarƙashinsa sun fi ƙarfin mutum ɗaya, ga shi kuma a yankinmu yanzu mai hankali ba ya bari la'asar ta same shi a daji. Yana da wata 'yar jaka rataye a wuya da ya sa cikin riga, ya dafe ta da hannu. Yaran gidan da suka ruga za su karɓar masa kaya, Katikis ya tsawatar musu, ya durƙusa. Jikin Almasihu ne a ciki, wato gurasar da aka tsarkake.

Abin yana da tsarinsa. Da farko ikirari, wato furta zunubi, don haka aka kore mu duka waje. Muka zauna a gindin darbejiya. Inna tana jan rosari, carbinmu na Katolika, ni ina duban agogo. Minti goma, ashirin, arba'in. Ƙanena ya raɗa mini, "Anya tsohon nan ba tun daga yaye ya faro ba?" Na danne dariya, sai kuma hawaye suka zo. Abin da aka faɗa a ɗakin nan ban sani ba, ba kuma zan taɓa sani ba, don firist ko wuƙa aka sa masa a wuya ba ya buɗe abin da ya ji a ikirari.

Da aka kira mu ciki, an kunna kyandir a kan farin ƙyallen, ga gicciye, ga ruwa mai tsarki. Fada ya ɗora hannuwansa a kan Baba, ya yi shiru na ɗan lokaci, ba ka jin komai sai kukan kaji a tsakar gida. Ya tsoma babban yatsa cikin man, ya zana gicciye a goshinsa, sannan a tafin hannu na dama da na hagu, yana roƙon Ubangiji ya taimake shi da alherin Ruhu Mai Tsarki, ya cece shi, ya tashe shi. Na daɗe ina kallon tafukan nan, duk kanta, fartanya ta yi shekara sittin tana cin su, yanzu ga mai yana ƙyalli a cikin tsagunansu. Fada ya ce masa man nan Bishof ne ya tsarkake shi a Mako Mai Tsarki, kamar yadda ake yi kowace shekara. Baba ya murmusa. Tun da aka yanke dayosis ɗin Katsina daga na Sakkwato a 2023, aka naɗa Bishof Gerald Musa, yake cewa shi kam ya ga abin da bai zaci zai gani ba, Bahaushe da hular bishof.

Na ƙarshe shi ne Tarayya Mai Tsarki, wato karɓar Jikin Almasihu. Fada ya ce idan aka ba wanda yake bakin tafiya, sunanta da Latin yana nufin guzuri. Baba ya ce, "Guzuri? To, ashe tafiyar ta tabbata." Ba ya iya haɗiya sosai, sai aka gutsuro masa ɗan ƙanƙani, Inna ta bi shi da ruwa a cokali.

Fada yana naɗe kayansa sai Baba ya riƙe masa hannun riga. "Fada, tsohona fa? Ko sau ɗaya bai taka coci ba." Na ga Katikis ya sunkuyar da kai, don shi ma tsohonsa haka ya mutu. Fada ya koma ya zauna a bakin katifar. Ya ce Ikkilisiya tana koyar da cewa wanda bai san Bishara ba, ba da laifinsa ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya, ya bi abin da lamirinsa ya nuna masa daidai ne, zai iya samun ceto, kuma a rubuce yake a takardun taron Vatikan na biyu tun 1964. Ya ƙara da cewa, "Baba, muna da jerin sunayen waliyyai da muka ce suna Aljanna. Amma mutum ɗaya tak ba mu taɓa kama sunansa mun ce yana wuta ba. Ba mu da wannan rajistar."

Da daddare Baba ya sa aka kira ni da ƙanena. Bai yi wani dogon bayani ba. "Fadamar nan ta Baffanku ce. Ku mayar masa. Ku kira mini shi." Ƙanena ya buɗe baki, na taka masa ƙafa. Da safe na je gidan Baffa da kaina. Ya saurare ni yana gyaran kacar kekensa, bai ɗago ba. Can ya ce, "Ka ce masa ina zuwa gobe in an sauko daga Juma'a."

Ba su gana ba. Daren Alhamis jikin ya rikice. Matan Zumunta, ƙungiyar matan coci, suka cika ɗaki da tsakar gida suna jan rosari, kuma ban taɓa jin nauyin ƙarshen addu'ar nan ba sai ranar: ki yi addu'a dominmu masu zunubi, yanzu da lokacin mutuwarmu. Sau dubbai na faɗe ta ina gyangyaɗi. Katikis ya kira sunayen waliyyai ɗaya bayan ɗaya muna amsawa, sannan ya karanta addu'ar sallamar mai barin duniya, wadda take ce wa ran Kirista ya kama hanya da sunan Uba da ya halicce shi, da Ɗa da ya sha wuya dominsa, da Ruhu da aka zubo masa. Ana kiran assalatu a masallacin unguwar gabas Baba ya ja numfashi, muka jira na gaba, bai zo ba. Katikis ya rufe masa ido. "Ya Ubangiji, ka ba shi hutawa ta har abada." Muka amsa, "Bari haske madawwami ya haskaka masa."

Kafin rana ta fito Baffa yana ƙofar gida. Ya shiga ya tsaya a kan gawar, ya daɗe, bai ce uffan ba. Da ya fito sai ya tambaye ni ƙarfe nawa za a kai shi, don shi a ganinsa bai kamata a wuce hantsi ba. A daidai lokacin ɗan Gwaggo yana kirana daga Abuja, wai a kai gawa ɗakin ajiya a yi sati uku, a buga hotuna, a fitar da anko. Ikkilisiya ba ta yanke wa kowa rana ba, abin da take nema shi ne a girmama jikin, a kuma yi masa addu'a. Muka tsaya a kan Asabar da safe, ranar da Fada zai samu zuwa. Na Abuja ya yi fushi, Baffa ya yi tsaki, kowa dai ya zo.

Ranar Juma'ar nan ban zauna ba. Kafinta, fararen yadi, samarin da za su haƙa kabari, buhun shinkafa na baƙi. Dattawan coci suka yi masa wanka, aka sa masa farar kaftani, aka naɗa masa rosarinsa a hannu. Sai aka ce in kawo katin baftismarsa. Muka birkice akwatin Inna kafin muka same shi cikin wata tsohuwar leda, ya yi ja, tawadar ta kusa gogewa. Daga nan 'yan kwamiti suka buɗe littafin kuɗin coci, suka ce ana bin Baba na shekara uku. Raina ya ɓaci ƙwarai. Gawar ubana tana kwance ana yi mini lissafi. Da na kai ƙara ta waya, Fada ya ce dokar Ikkilisiya ta hana a tauye wa matalauci jana'izar da ta dace saboda rashin kuɗi, kuma ko an biya ko ba a biya ba zai zo. Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Amma kai malamin makaranta ne, ko?" Na biya.

A zaure muka shimfiɗa tabarmi, Baffa ya zauna tare da mu yana karɓar gaisuwa a matsayin babba. Maƙwabtanmu Musulmi sun zo ƙwarai. Na lura yawancinsu "Allah ya ba da haƙuri" suke cewa, ba "Allah ya jiƙansa" ba, kuma na san dalilinsu, ban ji zafi ba. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce gaisuwar 'yan'uwana Kirista: "Kada ku yi kuka, ya tafi gida, yanzu haka yana gaban Ubangiji yana murna." Ina amsawa da amin, amma idona yana kan Baffa. Mutumin da aka danne wa gona shekara 19 yana zaune yana ji ana cewa wanda ya danne ta ya wuce kai tsaye. Ni kaina, da nake ɗansa, na kasa haɗiye maganar. In ce yana wuta kuwa, Allah ya kiyaye, na ga yadda ya karɓi guzurinsa.

Zaman makokin dare an taƙaita shi, ƙarfe takwas aka sallami jama'a saboda halin tsaro. Muka rage mu kaɗan a zaure da fitila. Mijin ƙanwata ɗan cocin ECWA ne, ba Katolika ba, mutumin kirki, ya san Littafi fiye da ni nesa ba kusa ba. Ya ji Katikis yana shirya mini yadda za a nemi a yi wa Baba Mas, wato babbar ibadarmu ta Katolika, sai ya ce cikin ladabi, "Malam, ni abin nan yana ɗaure mini kai. Yesu ya ce wa ɓarawon nan a kan gicciye, yau za ka kasance tare da ni a Firdausi. Bai ce sai an yi maka addu'a ba. In jinin Almasihu ya wanke mutum, me ya rage?"

Katikis ya ce ya yarda jinin Almasihu ne kaɗai yake ceto. Ya kawo labarin Yahuza Makabi, wanda bayan yaƙi ya tarar sojojinsa da suka mutu suna ɗauke da layun gumaka a cikin riguna, sai ya tara kuɗin azurfa 2,000 ya aika Urushalima a miƙa hadaya dominsu. Surukina ya ce wannan ba ya cikin nasa Littafin. Gaskiyarsa ne: nasu littattafai 66 ne, namu 73, kuma Makabiyawa na cikin bakwai ɗin da suka bambanta, sai a bugun Hausa mai Afokirifa ake samunsa. Katikis ya koma wasiƙar Korintiyawa ta fari sura 3, inda Bulus ya ce wani aikinsa zai ƙone amma shi kansa zai tsira, kamar wanda ya ratso ta cikin wuta. Surukina ya ce ba haka suke fassara ta ba. Na ga za a kwana a nan.

Baffa ne ya katse su. "Wannan Furgatori ɗin naku, ba shi ne barzahu ba?" Katikis ya ce sun yi kama ta wani gefe, amma ba ɗaya ba ne. Barzahu kowane mamaci yana cikinsa har tashin ƙiyama. Mu kuwa a wurinmu da rai ya fita ake yi wa mutum shari'arsa shi kaɗai, nan take ya san makomarsa. Wanda ya mutu yana tsarkakakke sarai, Aljanna. Wanda ya mutu da babban zunubi, ya san babba ne, ya aikata da gangan, ya kuma ƙi tuba har ƙarshe, ya zaɓar wa kansa rabuwa da Allah ta har abada, ita ce Jahannama. Saura kuma waɗanda suka mutu cikin alherin Allah amma da sauran dauɗa a jikinsu, su ne na Furgatori. Sai ya buga tabarmar da muke kai da tafin hannu. "Kamar zauren nan ne, Alhaji. Wanda aka ce masa bismilla ya shigo zaure, ya riga ya shiga gida, ba mai korarsa. Amma daga gona yake, taɓo har ƙauri. Sai ya zauna a kawo masa ruwa ya wanke ƙafa kafin a yi masa iso ciki." Ya ɗan yi tunani ya gyara: "Sai dai shi wancan zauren ƙofar fita waje a rufe take. Ciki kawai ake yi."

Surukina bai gamsu ba, har yau ma bai gamsu ba, muna nan muna zumuncinmu. Ni dai a daren nan na samu inda zan ajiye Baba ba tare da na yi wa kaina ƙarya ba.

Da safe aka ɗauko akwatin zuwa coci. A bakin ƙofa Fada ya tarye shi, sanye da shunayyar riga, ya yayyafa masa ruwa mai tsarki don tunawa da baftismarsa, aka ajiye shi kusa da babban kyandir ɗin Ista. Bisharar da aka karanta Matiyu 25 ce, ta tumaki da awaki: na ji yunwa kun ba ni abinci, na yi baƙunci kun saukar da ni. Masu jiran Fada ya yi ta koɗa Baba ba su samu ba, don a tsarin Katolika wa'azin jana'iza ba kirari ba ne. Ya ce an ƙaddara wa mutum ya mutu sau ɗaya, bayan haka sai shari'a, kamar yadda yake a Ibraniyawa sura 9, kuma ta Baba an riga an yi ta tun asubar Juma'a, mu ne dai ba a faɗa mana sakamako ba. Ta biyun ita ce ta ranar ƙarshe, ranar da jikuna za su tashi. Ba ɗaukaka ƙara ba ce, ba za a sauya hukunci ba, sai dai a buɗe komai a gaban kowa, har da inda alherin mutum da sharrinsa suka kai bayan ransa. Da ya faɗi haka marayun nan biyu suna zaune a layin gaba, Baffa kuma yana waje a gindin bishiya, inda lasifika take kai masa. Kafin a fita Fada ya zagaya akwatin da turaren wuta, saboda jikin nan haikalin Ruhu Mai Tsarki ne kuma zai tashi. Matan Zumunta suka ɗauki waƙa da tulu da kacau-kacau har maƙabarta. Ƙasar jiƙe take, ta manne mini a hannu da na zuba.

Bayan kwana uku na je ofishin farish na rubuta sunan Baba a littafin niyyar Mas: ta kwana bakwai, ta cikar wata, da wasu a tsakani. Akan sa ɗan abu a ambulan. Na tambayi Fada kai tsaye ko wannan ba sayen Aljanna ba ne, don abin da abokan aikina suke tsokanata da shi ke nan. Bai ji haushi ba. Ya ce an taɓa yin ɓarna da irin wannan a Turai, tana cikin abin da ya tayar da Martin Luther a 1517, kuma taron Trent da ya tabbatar da koyarwar Furgatori a 1563 shi da kansa ya umarci bishof-bishof su hana duk abin da yake warin neman riba. Sadaka ce ta ɗawainiyar firist, wanda ba shi da ita a yi masa kyauta. Sai ya ba ni labarin Monika, mahaifiyar Agustin, mutanen ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya. Da za ta mutu a Ostiya ta ƙasar Italiya a shekara ta 387, ta ce wa 'ya'yanta su binne ta ko'ina, kada su damu, abu ɗaya take roƙo, su riƙa tunawa da ita a bagaden Ubangiji duk inda suke.

Na so a ce akwai lissafi, a ce mini Mas kaza saura kwana kaza. Babu. Inna ma da take cewa tun suna yara an koya musu wuta ce kamar ta murhu, Fada ya gaya mata Fafaroma John Paul na biyu ya bayyana a 1999 cewa Furgatori hali ne da rai yake ciki, ba wani wuri ba ne da za a nuna da yatsa. Fafaroma Benedict na 16 kuma ya rubuta a 2007 cewa wasu masana suna ganin wutar nan Almasihu ne da kansa, haɗuwa da shi ido da ido ita take ƙone duk ƙaryar da mutum ya tara. Inna ta ce ita dai ba ta gane wannan ba, za ta ci gaba da rosarinta. Ni kuwa na gane, don na san yadda Baba yake in kunya ta kama shi.

Maganar fadama ta fi komai wuya. Ƙanena shi yake noma ta, raken bana nasa ne, ya zuba taki ya biya 'yan ƙwadago. Ya ce maganar mai ciwo ba hujja ba ce. Muka yi sati biyu muna ja, har Inna ta sa baki: "Ubanku yana can yana wanke ƙafa, kai kana nan kana ƙara masa taɓo?" Ashe ta ji hirar zaure ta bayan katanga. Na tambayi Fada ko mayar da gonar zai rage wa Baba wani abu. Ya ce da farko dai yanzu a hannunmu take, don haka nauyin a wuyanmu yake, ko Baba ya faɗa ko bai faɗa ba. Bayan haka muna iya miƙa ta ga Allah dominsa kamar yadda ake miƙa sadaka da addu'a, yadda Allah zai yi da ita kuma nasa ne.

Ranar wata Lahadi bayan an tashi daga coci muka taru a bakin rafi: mai unguwa, dattawa biyu da suka san tsohuwar iyaka, Katikis, limamin unguwar su Baffa. Aka bi layin da tsohon gamba yake, aka kafa duwatsu, na rubuta takarda kowa ya sa hannu. Baffa ya dubi raken ya ce, "Na shekara goma sha tara fa?" Gabana ya faɗi, don ba mu da abin biya. Ya bar mu a tsaye har sai da shirun ya yi nauyi. Sannan ya ce, "Mu ma a wurinmu bashi yana riƙe mamaci. Ba zan riƙe ɗan'uwana ba. Na yafe. Na bana kuma a raba biyu da yaron nan, shi ya yi wahalarsa."

Ranar 2 ga Nuwamba ita ce ranar tunawa da dukan matattu masu bi, al'adar da ta faro daga gidan sufaye na Kuluni a Faransa kimanin shekara dubu da suka wuce. A 2024 ta faɗo Asabar. Tun jajibiri aka fita sharar maƙabarta, kuma da na isa da fartanyata na tarar an riga an nome kabarin Baba tas, an jera masa duwatsu a gefe. Yara suka ce ɗan Baffa ne ya zo da sassafe.

A maƙabartar aka yi Mas, a kan teburin da aka ɗauko daga makaranta. Katikis ya karanta sunayen waɗanda suka rasu cikin shekarar, na Baba ne na ƙarshe. Fada ya bi kaburbura yana yayyafa ruwa. Iskar hunturu ta fara kaɗawa, kyandir ɗin Inna ya mutu sau uku, sai ta kare shi da gefen mayafinta ta tsuguna a haka har aka gama. Da muka fito, Baffa yana bakin shinge riƙe da kekensa, bai shigo ba. Ya kwance rake biyu daga bayan keken ya miƙa wa Inna. Ta karɓa, ta juya su a hannu, ta ce, "Bai gama nuna ba." Ya ce, "Na sani. Na farko ne."